Murhun gashi mai gas na hannu: amsar tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Gyaran murhun gas ne sana'ata a nan cikin garin Bauchi, kuma da zarar Babbar Sallah ta ƙarato wayata ba ta hutawa. Hoto ake turo mini: ga wani ƙaton murhun gashi na Turawa mai murfi da tayoyi, an yi masa kuɗi kaɗan, a saya ko a bari? Tambayoyin ba sa canzawa. Na tattara su wuri guda, duk wanda ya sake yi mini ɗaya daga ciki wannan rubutun zan tura masa.

Malam, mene ne bambancinsa da murhun girki?

Na girki tukunya ake ɗora masa. Wannan kuwa nama ake shimfiɗawa a kan raga, wuta na ƙasa, a rufe murfi zafi ya zagaye naman. Shi ke nan.

Na gan shi a Facebook, mai shi ya ce in tura kafin alƙalami don akwai masu so. In tura?

Kar ka tura ko sisi. Abin da ba a kunna a gabanka ba, ba ka san shi ba. Idan kayan na Jos ne ko Kano, ka je da ƙafarka, ko ka aiki wanda ya san gas, ba wanda ya san ciniki kawai ba.

To me ya sa ake kaɗar da shi da araha haka?

Banza ba ta kai zomo kasuwa, amma ba kowane dalili ne mummuna ba. Wani ma'aikacin ƙungiyar agaji ne aka yi wa sauyin wurin aiki, ba zai iya jan wannan kaya ba. Wani Alhaji ne aka kawo wa tsaraba, ya yi shekaru a gareji ba a taɓa kunna shi ba. Wani kuma cikin kwantenar gwanjo ya zo, dillalin ma bai san yadda ake kunna shi ba. Waɗannan duk ana dacewa a cikinsu. Marar daɗin shi ne wanda aka gwada ya ƙi, aka wanke, aka goge murfin yana ƙyalli, aka nemi wanda za a ɗora wa. Akwai kuma na sata. Ka tambayi asalinsa, a rubuta maka takardar ciniki da shaida. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Weber aka rubuta a jikinsa. Ai ba sai na duba komai ba ko?

Haba ɗan'uwa. Weber kamfanin Amurka ne, kuma kayansa na da ƙarko, babu musu. Samfurin Genesis tun 1985 ake yin sa, ka ga ke nan wanda ke gabanka zai iya girme ka. Napoleon da Broil King na Kanada su ma masu kyau ne. Amma suna ba ya hana tsatsa, ba ya hana ɓera cin tiyo. Garantin kamfani kuma na wanda ya fara saye ne, kar dillali ya ƙara maka kuɗi da shi.

Idan na je gani, ina zan fara dubawa?

Ba murfi ba. Kowa murfi yake shafawa. Ka ɗage ragar, ka cire ƙarafunan nan masu kama da rufin ɗaki da ke rufe da wuta, ka leƙa ƙasa. Bututun wutar za ka duba, mai jerin ƙananan ramuka. In ramukan sun haɗe sun zama tsaga, ko ka danna da yatsa ya burma, ya gama aiki. Sai kwarin da wutar ke zama a ciki: na masu tsada yawanci alminiyon ne na zubi, ba ya tsatsa, amma yana tsagewa ko ya lanƙwashe in ya sha gobarar kitse. In ya tsage, juya ka tafi, gyaransa bai cancanci wahalar ba. Ka durƙusa ka dubi ƙafafu da gindin akwatin, nan tsatsa ke fara ci. Ka murɗa kowane makunni, ya shiga ya juya ba tare da cijewa ba.

Raga mai tsatsa kada ta tsorata ka, in ta ƙarfen zubi ce ana kankarewa a shafa mai ta dawo. Maɓallin tartsatsi da ya ƙi aiki ma sau da yawa batir ne kawai. Irin waɗannan su ne abin neman ragi, ba abin fasa ciniki ba.

Tiyo da regiletan da ya zo da su sun ƙi hawa kan tukunyar gas ɗina. In yanke in haɗa da namu, zai yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce, kuma ita ce aka fi yi mini bayan an riga an biya kuɗi. Ba ni da amsa guda, sai na ga murhun. Amma ga yadda nake bi.

A bayan murhun, ko cikin ƙofar akwatinsa, ko jikin tiren da ke tare kitse, akwai wata 'yar takarda manne ko farantin ƙarfe mai rubutu. Kafin ka tambayi kuɗi, ita za ka nema. Ita ke faɗin irin gas ɗin da aka ƙera murhun dominsa da ƙarfin turin da yake so. In an kankare ta ko ta ɓace, ni dai ba na ba da shawarar saye, sai in akwai gwani tare da kai da zai kwance ya duba.

Idan ka ga NG, ko G20, ko I2H, wannan na iskar gas ce ta bututu wadda ake ja wa gidaje a Amurka da Turai kamar ruwan famfo. Babu gidan da ake ja wa irin wannan a Bauchi. Namu na tukunya ne, cakuɗen butane da propane, kuma ƙarfin wutarsa ya ninka na bututu fiye da sau biyu. Shi ya sa jet ɗin murhun NG, wato ɗan ƙarfen nan mai rami da gas ke fitowa ta cikinsa ya shiga bututun wuta, yake da faɗin rami. Ka haɗa shi da tukunyarmu haka nan, wuta za ta tashi ja, doguwa, tana lasar murfi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe naman, kuma in ka rage makunni ba za ta ragu yadda kake so ba. Hatsari ne, ba ƙaramin ba.

Ana iya juya shi? Wani lokaci. Sai an samo jet masu ƙaramin rami daidai da lambar wannan samfurin, kuma ba a nan kasuwa ake tsintar su ba, sai an yi oda. Ko an samu ma, a wasu murahun bawul ɗin kansa, wanda makunni ke murɗawa, daban ne, sai ka tarar an canza jet amma ƙaramar wutar ba ta sauka. Kamfanin Weber shi kansa bai yarda a juya murhunsa daga wannan gas zuwa wancan ba. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne dabarar da wasu ke yi: a toshe ramin jet da dalma a sake hudawa da allura, ko a daddoke bakinsa da guduma don ya tsuke. Rana ɗaya dalmar za ta narke ana tsakiyar gashi, yara na zagaye. Saboda haka in NG ne, kuma ba ka da wanda zai kawo maka kayan asali, bar shi komai arharsa.

Idan kuma ka ga LP, ko propane, ko G30 da G31, to an zo gida, amma da sauran magana. Dubi lambar mbar, wato ma'aunin ƙarfin turin gas. Na Amurka mai propane yana aiki a kusan 28, wanda ya yi kusa da regiletan girki da muke da su masu 28 zuwa 30. Wannan galibi yana karɓa, in an sa sabon regileta da sabon tiyo da mahaɗin da ya dace. Na ce galibi, don gas ɗinmu butane ya fi yawa a cikinsa, wani lokaci bakin wutar kan yi ɗan ja har sai an buɗa masa ƙofar iska a gindin bututun, in samfurin yana da ita. Na Ingila propane a 37 yake, butane a 28. Na Jamus sau da yawa 50 ne. Mai 50 in ka ba shi regileta mai 30 ba zai yi ɓarna ba, amma wutar za ta yi sanyi, ka yi ta jiran kaza har baƙi su gaji, ka ce an cuce ka alhali regileta ne bai dace ba. Akasin haka shi ne mai haɗari, wato a ba mai 30 turin 50.

Kuma don Allah, regiletan nan mai murɗawa na masu manyan kaskon tuya, wanda wutarsa ke ruri, kada ya kusanci wannan murhun. Turinsa ya fi ƙarfin bawul ɗin nesa ba kusa ba. Haɗin tiyo kuma da kilif ake ɗaure shi, ko mahaɗi mai zare. An sha kawo mini murhu mai tsada an naɗe bakin tiyonsa da robar tub ɗin babur, an ƙulle da wayar ƙarfe, robar har ta fara narkewa ta manne. Wanda ya iya sayen wannan murhu bai rasa kuɗin kilif ba.

Ko bayan duk wannan, ba na cewa ya yi sai na kunna na zauna ina kallon wutar: shuɗiya, a jere daga farkon bututu har ƙarshe, ta ƙaru in an ƙara, ta ragu in an rage ba ta mutu ba.

Ina ɗan jin warin gas, amma kaɗan ne.

Babu kaɗan a warin gas. Rufe tukunya yanzu. Kaɗa sabulu a ruwa, shafa a kan regileta da tiyo da duk mahaɗi, ka buɗe tukunya makunnai na kashe. Inda kumfa ke hurowa, nan ne. Wanda ya ce maka a gwada da ashana, kore shi daga gidanka.

Ni mace ce, maigida ne ya sayo, kuma wallahi tsoron kunna shi nake.

Kwantar da hankalinki Hajiya, bai fi na kicin ɗinki wuya ba. Ki riƙe abu ɗaya: murfi a buɗe kafin a kunna, kullum. Gas na taruwa a ƙarƙashin rufaffen murfi, shi ne ke yin bam ɗin da kike tsoro. In kin danna bai kama ba cikin daƙiƙa 5, ki kashe, ki bar murfin a buɗe minti 5, sannan ki sake. Kin gama koyo.

Da damina zan iya shigar da shi kicin ko zaure?

A'a. Ba kicin, ba zaure, ba gareji. Yana fitar da iskar nan marar wari irin ta janareto, wadda ke kashe mutane a rufaffen ɗaki. Tsakar gida, nesa da bango da labule da rumfar zana.

Ƙaramar tukunyata mai kilo 6 za ta ja shi? Kuma yaya shan gas ɗinsa?

Nemi mai kilo 12.5. Ƙarama in aka ja ta da ƙarfi sai ta yi sanyi, jikinta ya yi raɓa, wuta ta faɗi. Mai bututu uku, in ka ƙure duka, yana shan wajen giram 600 zuwa 700 a awa, wato tukunya mai 12.5 za ta kai ka kusan awa 18 zuwa 20. Mai bututu huɗu ko biyar ya kusa kilo guda a awa. Ƙarfin wutar murhun na rubuce a wannan takardar da na ce ka nema. Tukunyarmu ta fi ta Amurka tsawo, ba lallai ta shiga akwatin ba. In ba ta shiga ba, ajiye ta a gefe a tsaye. Kar ka kwantar da ita don ta shiga. In dillali ya haɗa maka da tsohuwar tukunya kyauta, duba shekarar da aka buga a jikinta. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki shekara 15 ta yanke wa tukunyar gas.

Da yana aiki lafiya, na ajiye shi tun Sallar bara, yanzu wuta na fitowa ta wajen makunni.

Kashe. Zanzaro ne ko gizo-gizo suka yi gida a cikin bututun, ga kuma ƙurar hunturu ta Bauchi da ba ta barin rami. Gas ya rasa hanya shi ne ya dawo baya. A cire bututun, a zura siririn burushi a fitar da ƙasar, a bi ramukan ɗaya bayan ɗaya. Duk murhun da ya daɗe a ajiye, har wanda za ka saya, sai an yi masa haka kafin wutar farko.

Naman layya fa? Zai yi ɗanɗanon na mai tsire?

Zai gasu da kyau, ya nuna har ciki, ba toka ba ƙauri. Amma ƙamshin hayaƙin itace da kake ji a balangun bakin Wunti da daddare, gas ba ya ba da shi, kar wani ya ruɗe ka. Abin da za ka kula da shi kitsen rago ne. Yana tsiyaya da yawa, ya taru a tiren ƙasa, ya kama da wuta. Ka rage kitsen kafin ka ɗora, ka zubar da na tire bayan kowane gashi. Yajin tsire mai ƙuli-ƙuli yana saurin ƙonewa, a rage wuta in an barbaɗa. In kitse ya kama, kashe makunnai da tukunya, ka ja baya. Ban da watsa ruwa.

Ina so in buɗe wurin gashin kaza da kifi a Yelwa saboda ɗalibai. Ya dace?

Don gida aka yi shi, ba don wutar magariba zuwa sha biyun dare kullum ba. Bututun zai cinye da wuri, kuma sabonsa sai daga waje. Kai wa mai walda ya haɗa maka na sana'a, ka zo a sa maka gas ɗin yadda ya kamata.

To nawa zan taya?

Ka lissafa sabon regileta, sabon tiyo, kilif, ladan mai gyara, kuɗin a-kori-kura zuwa gida, da duk ƙarfen da ka ga sai an sake, da farashin kawo shi daga waje a canjin dalar ranar. Ka cire wannan daga abin da ka yi niyyar kashewa. Abin da ya rage shi za ka taya. Ka tafi da cikakkiyar tukunyarka da regileta da ruwan sabulu a gora, a kunna duka bututun a rufe murfi minti 10, ka ga allurar zafin ta haura sosai. In mai shi ya ce babu lokacin gwaji, kai ma ba ka da lokacin biya.