Raunin tsaro a manhajojin sabar tura fayil

Sabar tura fayil kwamfuta ce da aka keɓe, tare da manhajar da ke kanta, domin karɓar fayiloli daga wani wuri ta riƙe su har wanda aka aika wa ya ɗauka. Ta nan kamfanoni ke miƙa wa bankuna jerin albashin ma'aikata, asibitoci ke aika wa kamfanonin inshora bayanan marasa lafiya, masu gina shafukan intanet kuma suke loda aikinsu. Rauni kuwa kuskure ne a rubutun manhajar, ko a yadda aka saita ta, wanda ke bai wa baƙo damar karanta abin da ba nasa ba, ko ma ya karɓe ragamar kwamfutar ɗungurungum.

Irin wannan saba tamkar rumfar ajiyar saƙo ce a tashar Jabi: dole ƙofarta ta zauna a buɗe ga baƙi tunda aikinta ke nan, kayan da ke jibge a ciki kuma na mutane ne da yawa waɗanda ba su san juna ba. Shi ya sa masu kutse ba sa gajiya da ita.

Asali da raunin da aka haife ta da shi

Tsohuwar ƙa'idar wannan aiki, wato tsarin da kwamfutoci ke bi wajen tura wa juna fayil, ita ce FTP. Abhay Bhushan na jami'ar MIT a Amurka ne ya fara rubuta ta a watan Afrilun 1971, a takardar ƙa'idojin sadarwa da ake kira RFC 114, tun ma kafin a samu intanet irin na yau. A watan Oktoban 1985 Jon Postel da Joyce Reynolds suka fitar da RFC 959, wadda har yanzu ita ce ginshiƙi. A wancan zamani masu amfani da hanyar sadarwar 'yan tsiraru ne, akasari malaman jami'a da masu bincike da suka yarda da juna, don haka ba a yi tanadin ɓarawo ba.

FTP tana buɗe hanya biyu: ɗaya ta umarni a ƙofa (mashigar sadarwa ta kwamfuta) mai lamba 21, ɗaya ta kayan da ake turawa. Sunan mai shiga da kalmar sirrinsa suna tafiya ne a fili, harafi bayan harafi, ba tare da an lulluɓe su ba. Duk wanda ya zauna a kan layi ɗaya da mai aikawa, ko da wayafai ɗin otal ne, zai iya karanta su da manhajar sauraro ta kyauta.

Akwai kuma umarnin PORT, wanda da shi mai shiga ke faɗa wa saba adireshin da za ta aika kaya. Sabobin farko ba sa duba ko adireshin na mai tambayar ne. Sai mai kutse ya ba da adireshin wata kwamfuta da ke bayan katangar tsaro, sabar ta je ta ƙwanƙwasa masa ƙofar da shi ba zai iya kaiwa gare ta ba. An yi bayanin wannan dabara a wajajen tsakiyar shekarun 1990, aka kuma tattara ta da sauran matsalolin a RFC 2577 ta 1999.

Zamanin wu-ftpd da ɓoyayyun ƙofofi

A shekarun 1990 manhajar da ta fi yaɗuwa a kwamfutocin Unix ita ce wu-ftpd, wadda aka rubuta a Jami'ar Washington da ke St. Louis. Ta yi suna da yawan ɓaraka. A 2000 aka gano cewa umarninta na SITE EXEC yana karɓar rubutun baƙo ya sarrafa shi ba tare da tacewa ba, har mutum ya zama mai cikakken iko da kwamfutar. A watan Janairun 2001 wata tsutsar kwamfuta, wato muguwar manhaja mai yaɗa kanta, mai suna Ramen ta yi amfani da wannan rauni, tare da wasu biyu, ta riƙa tsallakawa daga wannan sabar Red Hat Linux zuwa waccan, tana maye gurbin shafin farko na kowane gidan yanar gizo da nata mai ɗauke da hoton ƙunshin taliya. Ɓarnar ba ta kai ta kawo ba, amma ta nuna cewa ba sai mutum ya zauna gaban allo ba kafin a fasa dubban kwamfutoci.

Wani lokacin ba kuskure ba ne, da gangan aka dasa. A ƙarshen Nuwamban 2010 aka shiga sabar da ake rarraba ProFTPD, wata manhajar sabar FTP, aka sauya fayil ɗin sigar 1.3.3c da wani mai ɓoyayyar ƙofa, ya kwana kaɗan mutane suna saukewa kafin a farga. Haka aka yi wa vsftpd, manhajar Chris Evans, tsakanin ƙarshen Yuni da farkon Yulin 2011. A gurɓatacciyar sigar 2.3.4, idan mutum ya sa alamar murmushi :) a sunan shiga, kowace kalmar sirri ya rubuta, sai manhajar ta buɗe ƙofa mai lamba 6200 ta miƙa masa kwamfutar. Wannan siga tana cikin Metasploitable 2, kwamfutar gwaji da aka cika da raunuka da gangan, saboda haka ɗalibin da ke koyon tsaron intanet a Abuja ko Jos sau da yawa ita ce fasawarsa ta farko a aji.

A 2015 an sake samun ProFTPD da matsala, inda sashenta na mod_copy ke barin wanda bai ko shiga ba ya kwafi fayil daga wuri zuwa wuri a cikin sabar.

Magadan FTP

SFTP tana tafiya a kan SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa a lulluɓe, wadda Tatu Ylönen ya ƙirƙira a Finland a 1995. FTPS kuwa tsohuwar FTP ce aka lulluɓe da TLS, tsarin ɓoye saƙo a hanya, an daidaita ta a RFC 4217 ta 2005. Dukansu sun magance karanta kalmar sirri a hanya. Chrome da Firefox sun daina buɗe adireshin FTP a 2021.

Manhajojin manyan kamfanoni

Lulluɓe hanya bai hana a fasa rumbun ba. Manyan hukumomi sun koma sayen manhajoji masu tsada da ake tallata su da sunan tsaro, masu shafin shiga ta burauza da rumbun bayanai a bayansu, kuma a waɗannan ƙarin sassa ne mafi munin ɓarna ta faru.

A Disamban 2020 da Janairun 2021 aka kutsa cikin Accellion FTA, na'urar da ta kai kimanin shekara 20 a kasuwa. Babban Bankin New Zealand, kamfanin Shell, Singtel da Jami'ar California na cikin waɗanda abin ya shafa. A Yulin 2021 Microsoft ta ba da rahoton ana amfani da wani rauni a Serv-U na kamfanin SolarWinds. A farkon 2023 sai GoAnywhere na kamfanin Fortra, inda gungun Clop, masu magana da harshen Rasha, suka yi iƙirarin sace bayanan ƙungiyoyi kusan 130.

Mafi girma shi ne na MOVEit Transfer, manhajar Progress Software. Raunin, mai lamba CVE-2023-34362, cusa umarnin SQL ne, harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi: mai kutse ya rubuta umarni a gurbin da ake jiran bayani na yau da kullum, rumbun ya ɗauka ya aiwatar. An fara harin a wajajen 27 ga Mayun 2023, a ƙarshen makon da Amurkawa ke dogon hutu, kamfanin bai sanar ba sai 31 ga wata. Maharan, waɗanda su ma gungun Clop ne, sun ajiye wani ƙaramin fayil mai suna human2.aspx kusa da na asali mai suna human.aspx, yadda ido ba zai yi saurin kama shi ba, da shi suka riƙa kwashe abin da ke ajiye. Ba su kulle kwamfutar kowa ba. Sata kawai suka yi, sannan suka ce a biya kuɗin fansa ko su wallafa. Da yawa daga waɗanda abin ya rutsa da su ba su taɓa jin sunan MOVEit ba: ma'aikatan BBC da British Airways da Boots sun shiga ciki ne saboda Zellis, kamfanin da ke lissafa musu albashi, yana amfani da ita. Ƙididdigar kamfanin Emsisoft ta haura ƙungiyoyi 2,500 da mutane miliyan gommai. Binciken kamfanin Kroll ya nuna alamun cewa maharan sun gwada raunin tun 2021.

Bayan nan an samu raunuka a WS_FTP a Satumban 2023, CrushFTP a Afrilun 2024, da manhajojin Cleo a Disamban 2024.

Clop sun ce sun goge bayanan gwamnatoci da suka sata. Masana ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba. Batun yaushe ya kamata mai bincike ya fallasa rauni, kafin faci, wato gyaran da mai manhaja ke fitarwa, ya yaɗu ko bayansa, har yanzu ana jayayya a kai.

Kariya

Sanya faci da zarar ya fito, rufe shigar da ba ta neman suna, hana shafin gudanarwa fuskantar intanet, da taƙaita adireshin da za su iya shiga. Faci ba ya amfani ranar da ba a san da raunin ba, don haka goge fayil bayan an karɓe shi yana rage asara fiye da yadda ake zato. A hare-haren 2023 an kwashe har da tsofaffin fayilolin da aikinsu ya ƙare tuntuni.

A Najeriya

Cibiyar ngCERT, ƙarƙashin Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro a Abuja, ita ce ke fitar da gargaɗi na ƙasa, hukumar fasahar zamani NITDA da hukumar sadarwa NCC kuma kowacce na da tata tawagar. Dokar laifukan intanet ta 2015, bayan gyaran 2024, ta rage wa'adin kai rahoton kutse daga kwana 7 zuwa awa 72. Dokar kare bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ita ma ta sa awa 72 idan satar na iya cutar da masu bayanan.

A ƙananan ofisoshi da makarantu matsalar ta fi zama ta sakaci. Mai gina shafi ya buɗe asusun FTP a cPanel, shafin da ake gudanar da gidan yanar gizo da shi, ya tura kalmar sirrin ta WhatsApp, ya gama aiki a biya shi, asusun ya ci gaba da zama a buɗe shekara da shekaru. FileZilla, manhajar da akasarinsu ke loda fayil da ita, ta daɗe tana ajiye kalmomin sirri ba a kulle ba kafin ta ƙara babbar kalmar sirri a 2017, kuma a 2014 kamfanin Avast ya gano jabun kwafinta da ke aika wa ɓarayi duk abin da aka rubuta a ciki.