Mazaunin Macizai a Karkarar Kano da Jigawa

Maciji ba ya zama a ko'ina. Jikinsa ba ya samar da ɗumin kansa, daga rana da ƙasa yake samu, don haka wurin zamansa sai ya haɗa masa inda zai sha hantsi, inda zai ɓuya idan rana ta take, da abin da zai ci. A karkarar Kano da Jigawa, irin ƙasa da abin da ya rufe ta, ciyawa ce ko dutse ko ruwa ko karan dawa, shi ke nuna wane maciji za a tarar a wuri da lokacin da za a yi kiciɓis da shi.

Ruwan sama ne ya fara raba yankin. A kudancin Kano, wajen Doguwa, Tudun Wada da Dajin Falgore, yakan haura milimita 1,000 a shekara, itatuwa sun yi kauri, ciyawa ta yi tsawo. Idan aka nausa arewa zuwa Gumel, Maigatari da Ɓaɓura, ruwan kan sauko zuwa kimanin milimita 600, ƙasa ta koma jigawa mai rairayi da ƙayoyi. Tsakanin nan kuwa gonaki ne manne da juna, da kuka da ɗorawa da gawo jefi-jefi.

Kububuwa, wadda masana ke kira Echis, ita ce ta fi jin daɗin busasshiyar ƙasa mai tsakuwa da gajeriyar ciyawa. Ƙarama ce, ba ta cika wuce rabin mita da yawa ba, kuma launinta ya saje da ƙasa. Da rana takan shige ƙarƙashin dutse, cikin tsagewar ƙasa, ko ramin da ɓera ya bari. Da dare take fita neman ɓeraye, ƙadangaru da kunamu. Idan ta ji motsi sai ta naɗe tana goga ɓawon jikinta da juna, wani sauti na fita. Dafinta yana hana jini daskarewa, har wanda ta sara ya yi ta zubar da jini daga dasashi da tsofaffin miki, shi ya sa ake mata laƙabi da gobe-da-nisa. Gindin duwatsu irin na Dutse da Birnin Kudu, da gonar da aka tsince duwatsunta aka tara a kan iyaka, duk matsuguni ne da ya dace da ita. Manomi da hannunsa yake gina mata ɗaki bai sani ba, kuma a Arewacin Najeriya babu macijin da ya kai ta kisa.

Ita kuwa kasa, macijiyar nan mai kaurin jiki, ta fi son inda akwai abin rufa: saura, makiyaya, gefen burtali, ƙarƙashin busasshen ganye. Ba ta farauta da gudu, kwanto take yi ta jira ɓera ya gifta, kuma ba ta kaucewa idan mutum ya taho. Makiyaya da masu yankan ciyawa su suka fi taka ta.

Kumurci, wanda kuma ake kira gamsheƙa, shi ya fi kowane sabawa da mutane. Suri da kogon itace su ne gidansa a daji, amma ƙauye ya fi masa daji albarka. Rumbu yana tara ɓeraye, akurki yana da ƙwai da 'yan tsaki, bakin rijiya da makwarara suna tara kwaɗi, ga tsohuwar katanga mai ramuka da kufai. Shi ya sa yakan shiga ɗaki da dare har ya sari mai barci a tabarma. Idan aka ritsa shi yakan fasa kai ya feso dafi a ido daga nisan kusan mita 2, kuma idan ba a wanke idon da ruwa mai yawa nan take ba ana iya makancewa.

Fadama kuma nata daban ne. Mesa tana bin ruwa, tana kwana a ramuka da duhuwar bakin kogi, kuma dausayin Haɗeja zuwa Nguru, har da Dajin Baturiya, na cikin wuraren da suka rage mata. Ba ta da dafi, matse dabba take yi. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya tafiyar ruwa a wannan yanki. A Kura da Kadawa noman rani ya sa ruwa da shinkafa da ɓeraye ba sa yankewa duk shekara, a ƙasan kogin Haɗeja kuma, wajen Guri da Kirikasamma, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa ta zama maɓoya. Idan ambaliya ta zo, kamar ta 2022 a Jigawa, ramuka kan cika, macizai su hau tudun da mutane da dabbobinsu suka gudo.

Wuri ɗaya ma yakan sauya da lokaci. Da hunturu macizai kan lafa a rami. Ruwan farko ke fito da su, daidai lokacin shuka da noman fari, sannan da kaka, sa'ad da ake ɗaga dami da tarin kara da harawa da hannu. A waɗannan lokuta biyu sara ya fi yawa.

Sare daji ba ya korar macizai gaba ɗaya, tace su yake yi. Mesa da macizan itace irin ɗanyen ciyawa, waɗanda ba su da dafin kisa, su ke fara ɓacewa, a bar kububuwa da kumurci da suka iya zama da gona. Wannan asara ce, domin macizai marasa dafi suna rage ɓerayen da ke cinye hatsi, kuma kashe duk wanda aka gani bai taɓa raba ƙauye da sara ba. Abin da ke ragewa shi ne nisanta tarin kara da itace daga ɗakin kwana, toshe ramuka, fitila da dare, takalmi mai rufe ƙafa a gona, da gidan sauro da aka cusa ƙarƙashin shimfiɗa.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Masu bincike, ciki har da Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero, sun daɗe suna nuna cewa maganin dafi ya fi ƙaranci a asibitocin karkara, inda saran yake faruwa. Sanin wace ƙasa ce ta kububuwa, wace ce ta kumurci, yana taimaka wa hukumomin lafiya su san irin maganin da za su ajiye a kowane asibiti kafin damina ta faɗi.