Yoyon baƙin mai a tsohuwar mota: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Kusan kullum sai wani ya shigo gareji da tsohuwar Golf 3 ko Peugeot 406 yana nuna min tabon mai. Tambayoyin ba sa canzawa, ga amsoshin nan a wuri ɗaya.

Tunda ina ƙara mai duk safiya, ai shi ke nan ko?

A'a. Ranar da ka manta, ka hau hanyar Kaduna, ranar inji zai buga.

Jar fitilar mai ta kama ina tafe, in lallaɓa zuwa gida?

Kashe motar nan take, malam! Fitilar tana gaya maka mai ya daina hawa da ƙarfi, ƙarfe na gugar ƙarfe. Kuɗin janwe bai kai kuɗin inji ba.

Kwana biyu da yin juyen mai ta fara ɗiga. Injin ya mutu ne?

Kwantar da hankalinka. Galibi filta ce ba ta zauna ba, ko an mayar da tsohuwar washa a notin juye. Wani lokacin robar tsohuwar filtar ce ta maƙale, aka ɗaura sabuwa a kanta. Aikin minti goma ne.

Tsakanin inji da giya yake ɗiga, an ce sai an sauke giya. In yarda?

To, nan ne ba na gaggawar yanke hukunci. Yana iya zama sil ɗin bayan inji ne, wato zoben robar da ke tare mai, wanda hannu ba ya kai masa sai giya ta sauka. Amma mai daga sama yake gangarowa, iskar tafiya kuma tana kora shi baya, saboda haka inda ka ga ɗigo ba lallai nan ya fito ba. Na sha ganin an sauke giya, an yi wuni ana fama, ashe gaskit ɗin murfin sama ne ya bushe ya ƙage kamar busasshiyar fata, man yana bin bayan inji yana sauka a hankali. Ɗan suwicin nan na fitilar mai ma yana yin haka.

Abin da nake yi shi ne in wanke inji tas bayan ya huce, in bar shi ya bushe, in barbaɗa hoda a wuraren da nake zargi, in tayar da shi kamar minti 15, sannan in bi da tocila. Farar hoda ba ta ɓoye sawun mai. Wuri mafi sama da ya jiƙe, shi nake kamawa.

Ko ta tabbata sil ɗin ne, ka sa a duba tiyon numfashin inji tukuna. Idan ya toshe, iska tana taruwa a ciki ta turo mai ta kowace kafa, sabon sil ma ba zai daɗe ba. Bayan nan sai ka auna. Tsakanin layin ƙasa da na sama a geji, wato sandar auna mai, kusan lita 1 ce a yawancin ƙananan motoci. Idan gumi kawai yake yi, geji bai motsa sosai ba har lokacin juye, ni a ganina kana iya jira sai za a canza kuloci a haɗa aikin, tunda giyar za ta sauka ko ta yaya. Amma in kuloci ya fara santsi, ko kwalin da ka shimfiɗa a ƙarƙashi yana wayar gari a jiƙe, jira ya ƙare. Duk wannan sai na ga motar da idona, don kowace da halinta.

Ba za a shafa gam kawai ba?

Don Allah ku daina wannan. Gam a kan jiƙaƙƙen gaskit ba ya kamawa, wanda ya ɓalle ciki kuma yana zuwa ya toshe rariyar famfon mai. Ku kuma daina ɗaure notin murfi kamar na taya, lanƙwasa murfin kuke yi.

Ya zan gane ko baƙin mai ne ma?

Duba kwalin. Baƙi ko ruwan ƙasa na inji ne. Ja yawanci na giyar otomatik ne ko sitiyari.

In koma mai mai kauri, 20W-50?

Yana iya rage ɗigon kaɗan, amma ba ya ɗinke robar da ta tsage.

Ina jin ƙauri idan na tsaya.

A kan salansa yake zuba, yana iya kama wuta. In kuma ta gaba yake fita, ya jiƙa tayimin bel, a canza sil da bel ɗin tare. Bel ɗin da ya sha mai tsinkewa yake yi, a 406 kuwa in ya tsinke har bawul ɗin inji yake lalatawa. Kawo ta yau.