Waiwaye: Yadda gidajen adana zane suka fara zaunar da malaman makaranta a aji

Duk malamin da ya taɓa raka yara yawon buɗe ido gidan tarihi ya san aikin da ake ba shi ranar, wato ƙirga kai. Ka ƙirga a bakin bas, ka ƙirga a bakin ƙofa, sannan ka koma can baya riƙe da jakar fiya wata kana ta faɗin "kar wanda ya taɓa komai fa", jami'in gidan kuma yana gaba yana zuba bayani, shekara kaza, sarki wane, yara suna gyaɗa kai. Ni ma na yi wannan aikin. Shekarun baya na kai 'yan aji biyar wani gidan tarihi, washegari muna aji sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya sa idon mutum-mutumin nan na ƙasa yake da huda a tsakiya?" Na tsaya da alli a hannu. Wallahi ni ko hudar ban gani ba, alhali na fi minti biyar a tsaye gaban abin, hankalina yana kan layin yara.

Tambayar yarinyar nan ce ta sa na shiga bin diddigin maganar horar da malamai a gidajen zane da na tarihi, sai na tarar ashe matsalar tsohuwa ce, kuma waɗanda suka riga mu gina irin gidajen nan sun sha fama da ita sama da shekara ɗari.

A Amurka abin ya fara kankama. A 1907 gidan zane na birnin Boston ya fara ware mutum na musamman da zai riƙa zagayawa da baƙi yana musu bayani, kafin nan kawai shiga za ka yi ka kalla ka fita, in ka gane ka gane. Shekara biyu bayan haka wani ma'aikacin laburare mai suna John Cotton Dana ya kafa gidan tarihi a Newark, shi kuma ra'ayinsa daban, yana ganin kayan da aka kulle a gilas babu mai amfana da su asara ne, don haka ya riƙa ba makarantu aron kaya ana kaiwa har cikin aji kamar yadda ake aron littafi. To kun ga da zarar kaya sun shiga aji babu jami'in gida a wurin, malami ne kaɗai da yaransa, dole a fara tunanin shi malamin me ya sani, wa ya koya masa. A Niyok kuma gidan zanen zamani da ake kira MoMA, wanda aka buɗe a 1929, ya ɗauko Victor D'Amico a 1937 ya ba shi sashen ilimi, shi ma asalinsa malamin zane ne a makaranta, ya kwashe fiye da shekara talatin a wurin yana tara yara da malamai, babban abin da ya dame shi shi ne yaro ya sa hannu ya ƙirƙira da kansa maimakon kwafar abin da malam ya zana a allo.

A shekarun 1980 kuɗi suka shigo harkar. Gidauniyar Getty da ke Los Anjeles ta kafa cibiyar ilimin fasaha a 1982, ta ce darasin zane ya wuce a ba yara kala su yi ta shafe-shafe ranar Juma'a, a koyar da shi kamar kowane darasi mai manhaja, da yin zanen, da tarihinsa, da sharhi a kansa, da tattauna mene ne ma kyau. Suka riƙa shirya bitar dogon hutu, suna kwaso malaman aji na yau da kullum, masu koyar da lissafi da karatu, har da shugabannin makarantu, a kai su gaban zane na ainihi. Wannan na kawo hedimasta cikin bita ya burge ni sosai, don duk malami ya san in ka dawo daga bita da sabon abu shugabanka bai san zancen ba, a cikin jakarka abin zai mutu tare da satifiket.

Amma inda labarin ya fi kama ni shi ne abin da ya faru a MoMA wajen ƙarshen shekarun 1980. Lokacin Philip Yenawine ne shugaban sashen ilimi, ma'aikatansa gwanaye ne, mutane suna cika laccocinsu suna tafi suna yabawa, sai masu kula da gidan suka yi masa tambaya mai sauƙi, shin mutanen nan suna koyon wani abu kuwa? Ya nemo wata mai bincike, Abigail Housen, wadda ta daɗe tana ɗaukar maganar mutane a faifai yayin da suke kallon zane, tana cewa su faɗi duk abin da ya zo musu a rai. Da aka auna sai aka ga abin da ake zuba wa mutane ba ya zama, ana fita ƙofa ya bi iska. Housen ta riga ta gano cewa masu kallon zane hawa biyar ne, kuma mafi yawan jama'a suna hawa na ɗaya ko na biyu, wato suna neman labari ne a cikin hoton, wannan wace ce, me ya sa take kuka, ina za su. Shi kuma masani yana can sama yana maganar salo da zamani da mazhabar masu zane. Kamar ka ɗauki yaron da ke babbaƙu ka fara masa nahawu, ba ƙin karatu ya yi ba, ba a zo wurin ba ne tukuna. Malaman aji su ma galibi 'yan koyo ne a wannan fage, kuma ba abin kunya ba ne tunda babu wanda ya taɓa zaunar da su.

Maimakon su ɓoye sakamakon sai suka rushe tsarin suka sake gini, abin da ya fito shi ne dabarar koyar da tunani ta hanyar kallon hoto, wadda aka fi sani da VTS. Malami zai ajiye hoto gaban yara, a yi shiru ana kallo na ɗan lokaci, sannan ya yi tambaya uku kacal yana maimaita su: me ke faruwa a hoton nan? Me ka gani da ya sa ka faɗi haka? Me kuma za mu iya ganowa? Duk yaron da ya yi magana malam zai nuna wurin da yatsa, ya sake faɗin maganar yaron da nasa kalmomin, ya haɗa ta da abin da wani ya faɗa ɗazu, ba zai ce daidai ne ba, ba zai ce kuskure ne ba. A baki abin kamar wasa, amma duk wanda ya riƙe alli ya san kame bakin nan shi ne jidali, mun saba mu ne masu amsa, yaro yana fara kauce hanya harshenmu yana ƙaiƙayi. Shi ya sa bitar tasu ba lacca ba ce, malaman ne ake zaunarwa gaban zane a yi musu tambayoyin nan, su ji yadda ake ji in ka faɗi abu an saurare ka, sannan kowa ya tashi ya gwada jan zaman da 'yan uwansa ana gyara masa. Housen da abokan aikinta sun bi yara na tsawon shekaru a wani ƙaramin gari mai suna Byron a jihar Minesota, suka ga ɗabi'ar kawo hujja daga abin da ido ya gani tana bin yaran har cikin wasu darussa.

Akwai masu suka, suna cewa ya za ka bar yara su yi ta hasashe ba ka gaya musu wanda ya yi zanen da lokacin da aka yi ba. Ni ina ganin suna da gaskiya ta wani ɓangare, musamman ga yaranmu da sau da yawa ba su taɓa jin sunan masu fasahar ƙasarsu ba. A bari su kalla su ƙoshi tukuna, in ƙishirwar sani ta taso sai a ba su labarin.

Ingila ta bi wata hanya mai sauƙin kuɗi. Tun 1995 babban gidan zane na ƙasa da ke Landan yake zaɓar zane guda ɗaya tak kowace shekara, malaman firamare su zo bitar yini ɗaya a kansa, su koma da kwafinsa, makaranta ta gina darussa a kai, rubutu, tarihi, kimiyya, waƙa, duk daga hoto ɗaya, daga baya a zaɓi ayyukan yaran a rataye su a cikin gidan zanen kansa.

To mu fa? Abin da ya ba ni mamaki shi ne a Nijeriya malamin makaranta ne ma ya haifi gidajen tarihin. Wani mai zane, Aina Onabolu, ya yi ta matsa wa gwamnatin Turawa a Legas a sa zane cikin darussa, a dalilin haka aka kawo Kenneth Murray a 1927 ya koyar da zane, ya koyar a kwalejojin gwamnati na Ibadan da Umuahia, cikin ɗalibansa har da Ben Enwonwu, wanda ya zama fitaccen mai zane da sassaƙa. Murray ya riƙa tura ɗalibansa su kalli sassaƙa da tukwane da rayuwar garuruwansu maimakon kwaikwayon Turai, garin haka ya ga yadda gara ke cinye kayan kakanni wasu kuma ana ficewa da su ƙasashen waje, ya yi ta rubuce-rubuce har aka ba shi aikin kula da kayan tarihi a 1943. Daga nan aka samu gidan tarihi na Esie a 1945, na Jos a 1952 a hannun wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, na Legas a 1957, sai hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979. A Kano ma makarantar da Baturen nan Ɗan Hausa (Hanns Vischer) ya buɗe a Nassarawa a 1909 da horar da malamai ta fara, kuma akwai sashen sana'o'in hannu a cikinta, yau gidan nasa wurin adana kayan tarihi ne. Zumunci ne na asali tsakanin aji da gidan tarihi, sai dai a hankali ya koma ziyarar shekara-shekara. Gidajen suna da sashen ilimi, ma'aikatan suna bakin ƙoƙarinsu da 'yan makaranta, amma darasin al'adu da fasaha, wato CCA, a makarantu da yawa ana miƙa shi ne ga duk malamin da jadawalinsa ke da sarari, ko bai taɓa riƙe burushi ba.

Akwai kuma maganar da ba a cika faɗa a fili ba, malamai da iyaye da dama a wajenmu suna ɗari-ɗari da mutum-mutumi saboda addini, kuma duk bitar da za ta yi kamar ba ta san da wannan ba to ba za ta je ko'ina ba. Amma fasaharmu ai ta fi ƙarfin mutum-mutumi. Ga aska takwas a ƙirjin babbar riga, ga zayyanar da mahaddata ke yi wa allo da Alƙur'ani rubutun hannu, ga zanen bangon gidajen Zariya da Kano, ga bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, wanda har aka yi kwafinsa a Jos, ga shuni na marinar Ƙofar Mata, ga Gidan Makama shi kansa ginin abin kallo ne kafin ka shiga ciki. Tambayoyin nan uku babu wanda ba za su hau kansa ba a cikin waɗannan.

Na koma gidan tarihin nan ni kaɗai wata Asabar, ba yara ba jakar ruwa, na samu benci na zauna gaban kan nan na yumɓu na mutanen Nok na dā, wanda yarinyar ta yi tambaya a kansa. Sai ga hudar a ido, ga ta a hanci, ga ta a baki, ga kitso a kai an tsara shi tsaf, abin da aka ƙera fiye da shekara dubu biyu a kudancin Kaduna, irinsa ne wani ma'aikacin haƙar kuza ya taɓa kafawa a gonar doyarsa don korar tsuntsaye kafin ya kai hannun Fagg. Jami'in wurin ya zo muka yi hira, ya bayyana min cewa hudojin suna taimakawa zafi da tururi su fita lokacin gashi don kar yumɓun ya fashe, abin da duk matar da ke gina tukunya za ta gane nan take.

Ranar Litinin ban da hoto ban da majigi, sai na bi shaguna na canzo 'yan naira ashirin guda takwas da ƙyar, na raba wa kowane benci ɗaya na ce su juya bayanta, inda Ladi Kwali take gina tukunya. Na ce a yi shiru a kalla. Na tambaye su me ke faruwa a nan, wani ya ce tana wanke tulu ne, na danne harshena na ce me ka gani da ya sa ka faɗi haka, ya ce hannunta yana jikinsa. Yarinyar nan mai tambayar ido ta ce a'a ba wanki ba ne, babu ruwa babu soso, kakarta ma haka take sunkuyawa in tana gini. Har aka kaɗa ƙararrawar tara suna musu a kan tulun, sunan matar ma sai washegari na gaya musu, da garinsu Kwali, da shekarar 1954 da ta shiga cibiyar tukwane ta Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yanzu.