Ƙyamar baƙi da yadda take bambanta tsakanin ƙasashe

Ƙyamar baƙi ita ce tsana, tsoro ko zargin da 'yan ƙasa ke yi wa mutanen da suke ganin ba nasu ba ne. Babu nahiyar da ta tsira daga gare ta, sai dai kowace ƙasa da irin baƙon da take nuna wa yatsa, kuma galibi tarihinta da halin da talakawanta ke ciki ne ke zaɓar mata shi.

A Afirka ta Kudu, abin takaicin shi ne baƙar fata ke far wa ɗan'uwansa baƙar fata. A watan Mayun 2008 tarzoma ta ɓarke a unguwar Alexandra da ke Johannesburg, ta bazu zuwa wasu garuruwa, aka kashe mutum 62. Akan tare mutum a hanya a ce ya faɗi sunan gwiwar hannu da harshen Zulu. In ya yi inda-inda, ya shiga uku. Cikin waɗanda aka kashe, 21 'yan ƙasar ne. An sake irin wannan a Durban a 2015 da Johannesburg a 2019, kuma kusan kullum ƙananan 'yan kasuwa da leburori daga Mozambik, Zimbabuwe, Somaliya da Najeriya ne ke shan wuya, bisa zargin sun ƙwace ayyukan yi a ƙasar da rashin aiki ya yi wa katutu.

A wasu wuraren gwamnati ce da kanta ke ɗaukar tsintsiya. Gana ta kori baƙi marasa takardu a 1969 zamanin Firaminista Busia, Najeriya ta yi nata a 1983 zamanin Shagari, inda 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka tattara komatsansu. Idi Amin kuwa kwana 90 ya ba Indiyawan Uganda su fice a 1972. A Kodebuwa an mayar da batun asali makamin siyasa, har aka hana Alassane Ouattara takara a 2000 bisa zargin ba cikakken ɗan ƙasa ba ne, kuma wannan na cikin abubuwan da suka kai ƙasar ga yaƙin basasa a 2002.

A Turai maganar ta fi karkata ga addini, al'ada da 'yan gudun hijira. Jamus ta ga ƙona gidan wasu Turkawa a Solingen a 1993, inda mutum 5 suka rasu, duka mata da 'yan mata. Ita ce kuma ta buɗe ƙofa ga ɗaruruwan dubban masu neman mafaka a 2015. Wani abin lura: jam'iyyar AfD mai adawa da baƙi ta fi ƙarfi a gabashin ƙasar, inda baƙin suka fi ƙaranci.

Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf nasu salon daban ne. A Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa baƙi sun kusa kashi 90 cikin 100 na mazauna, kuma ba a cika jin an far musu a titi ba. Wariyar tana cikin doka ne: tsarin kafala ya daɗe yana ɗaure ma'aikaci a hannun ubangidansa, kuma za a iya haifar mutum ya tsufa a can bai zama ɗan ƙasa ba. Baƙo raɓa ne a can, ko da ya shekara 40.

Auna wannan ɗabi'a yana da wuya, domin ba kowa ke faɗin abin da ke ransa ba. Cibiyar Gallup mai binciken ra'ayin jama'a takan yi wa mutane tambayoyi uku: ko suna ganin alheri ne baƙo ya zauna a ƙasarsu, ya zama maƙwabcinsu, ko ya auri wani daga danginsu. A binciken 2019 Kanada ce kan gaba wajen karɓar baƙi, sai Aisilan da Niyu Zilan, kuma Saliyo da Burkina Faso, duk da talaucinsu, sun shiga sahun goman farko. Can ƙasa kuwa akwai Masedoniya ta Arewa, Sabiya da Hungari, wadda ta kafa shingen waya a kan iyakarta da Sabiya a 2015.