Mene ne "yelokek" da masu zuba jari ke yawan ambata?

Duk mai bibiyar zancen hannayen jarin kamfanonin nukiliya ba zai rasa jin kalmar yelokek ba. Daga Turanci take, ma'anarta waina mai ruwan ɗorawa, sai dai wannan wainar ba ta ci ba ce. Gari ne da ake samu bayan an niƙa dutsen yuraniyom, an jiƙa shi da sinadari, an tace, an busar, sannan a ɗura a durom a rufe. Launin ma na da ne, yawancin na yanzu ruwan ƙasa ne ko baƙi-baƙi.

Mutane kan ɗauka da wannan garin ake kunna tashar lantarki. Ba haka ba ne. Nau'in yuraniyom mai ba da wuta, U-235, kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai na yuraniyom ɗin da ke ciki, alhali yawancin tashoshi na bukatar kashi 3 zuwa 5. Sai an mai da shi iska, an ƙara masa ƙarfi a masana'antun da ƙasashe kaɗan ne ke da su, Rasha a kan gaba. Shi garin, tiririn nukiliyar da yake fitarwa ba shi da ƙarfi sosai; haɗarin yana ga shaƙar ƙurarsa ko haɗiyarsa, don yana taɓa ƙoda.

Abin da ya sa 'yan kasuwa suka zuba masa ido shi ne farashinsa na bin tsoron jama'a sau da ƙafa. Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a watan Maris na 2011, Japan ta rufe tashoshinta, Jamus ta ce ta haƙura da nukiliya. Nauyin fam ɗaya (kusan rabin kilo) da ake sayarwa wajen dala 70 ya faɗo ƙasa da dala 20 a 2016. Da gwamnatoci suka sake waiwayar nukiliya don rage hayaƙi, sai ga shi ya haura dala 100 a Janairun 2024. Har akwai kamfani a kasuwar hannun jari ta Landan mai suna Yellow Cake, ba ya haƙa komai, saye yake ya ɓoye kamar mai ajiye gero yana jiran damina.

Mutanen Arlit da ke Nijar kuwa ba a waya suka san yelokek ba. Tun daga 1971 kamfanin Somaïr ya riƙa fitar da shi daga can zuwa Faransa, kuma a Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta karɓe kamfanin daga hannun Orano na Faransa.