Zoɓo ja ne, amma ba ya zama jini

A Kano, da an ce jinin mutum ya yi ƙasa, sai a rugo masa da jarkar zoɓo mai sanyi, wai tunda ja ne zai koma jini. Sam ba haka ba ne.

Ɓargo ne ke ƙera jajayen ƙwayoyin jini, ƙoda kuma ke aika masa umarni ta cikin ruwan jini. A 1906 a Faransa, Paul Carnot da Clotilde Deflandre suka ɗebi ruwan jinin zomayen da aka zubar wa jini, suka yi wa lafiyayyu allurarsa, ƙwayoyinsu suka ƙaru. Wannan ya nuna umarnin ta cikin ruwan jini yake tafiya; tunda kuwa ƙoda ce ke aika shi, shi ya sa mai ciwon ƙoda ke yawan fama da ƙarancin jini. Ɓargon kuwa sinadarin ƙarfe yake buƙata, irin na hanta, nama da wake.

Abin da ke ci mini rai shi ne mai juna biyu da ake ta ɗura wa zoɓo, ba a kai ta awo ba.